Hanyar da Baba Ya Sare Cikin Kacalla

A Nguru layin dogo ya ƙare. Mutanen garin kan yi mana tsiya da haka, mu na wajen Gashuwa, wai Bature ya leƙo gabas ya ga babu abin kirki, sai ya naɗe ƙarfensa. Mu kuma mu ce mun ji, amma baƙin da jirgin naku yake saukewa, wurin wa suke zuwa in ba wurinmu ba?

Gaskiya muka faɗa kuwa. Lokacin da nake tasowa, duk sanyin shekara jirgin Kano kan kawo wasu irin baƙi, Turawa da 'yan boko, da manyan huluna da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ba fata suka zo saye ba, ba bandar kifi ba. Tsuntsaye suka zo kallo, kallo kawai ba harbi ba, abin da ya daɗe yana ɗaure wa tsofaffin ƙauyenmu kai. Daga tasha su hau mota, washegari da sassafe ga su a bakin ruwa suna tambayar mahaifina.

Mahaifina Babade ne, wato ɗan ƙabilar Bade, masunci, mai kwale-kwale ɗaya tak. Abin da ya fi kowa da shi wata hanyar ruwa ce mai kwana-kwana da ke kaiwa wani tafki a tsakiyar fadama, inda dinya da kirinjijiya suke sauka, da wasu ƙananan agwagi da baƙin suka ce daga ƙasashensu suke tasowa. Wannan magana ta daɗe tana ba shi dariya. Yakan ce musu tsuntsun garinku ne, kun ƙi kallonsa a gida sai kun biyo shi Bade. Amma da zarar an shiga kwale-kwale ya daina wasa. Ko tari mutum ya yi sai ya sha harara, komai farin fatarsa.

Sannu a hankali jirgin ƙasa ya fara wasa da mutane. Na mako ya koma na wata, na wata ya koma sai an gani. Awaki suka samu wurin kwanciya a tsakanin ƙarafa. Daga baya rashin zaman lafiya ya zo ya ƙarasa abin da ya rage, baƙi suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. A daidai shekarun nan ne kacalla ta cinye fadama, doguwar ciyawar ruwan nan da ta fi mutum tsawo, wadda in ta kama wuri ko kifi sai ya nemi hanya. Masunta da yawa suka sallama mata. Baba bai sallama ba.

Kowace shekara in damina ta wuce, sai ya ɗauki lauje ya shiga ruwa har ƙirji, ya sunkuya yana yanke kacallar daga can ƙasa. Dokar aikin ke nan. In ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwa ya shiga cikin kututturen ya ruɓar da shi. In ka sare ta a sama, aski ka yi mata, za ta dawo da 'yan uwanta. Makonni yake yi yana wannan aiki, ya fito ƙafafunsa duk cizon matsattsaku, yatsunsa sun yi fari sun yamushe.

Ni a lokacin ina koyarwa a Gashuwa, kuma ina jin kaina. Abin yana ba ni haushi ƙwarai, har da 'yar kunya, don abokai kan tambaye ni ko tsohon har yanzu yana jiran jirgi. Wata rana na kasa haƙuri.

"Baba, wai don Allah wa kake share wa hanyar nan? Jirgin nan fa ba dawowa zai yi ba."

Yana wasa laujensa, ko ɗagowa bai yi ba. "Malam," haka yake kirana in zai yi mini ba'a, "ai ba jirgi ne yake sauka a tafkin ba."

Shekarar da ƙafafunsa suka kumbura ya kasa tashi, ni ya aika a kira. Ya miƙo mini laujen, ya ce bana ni zan yi, in an bar ta shekara ɗaya shi ke nan ta rufe. Sau biyu ya maimaita mini: ƙarƙashin ruwa. Na ce to, Baba.

Na shiga ruwan da niyya mai kyau, wannan kam Allah ne shaida. Amma ban yi awa guda ba bayana ya riƙe, ga sanyi, ga wani abu yana bin cinyata. Na dubi tsawon abin da ya rage, na ce aikin banza don baƙin da ba za su zo ba. Na hau kwale-kwale na ɗauko adda na dinga sara daga tsaye. Aikin makonni na gama shi cikin kwana uku. A ido kuwa hanya ta fito tas, har na fara yabon kaina da dabara.

Da na koma gida ya tambaye ni, "A ƙasa ka yanke?" Na ce a ƙasa. Sai na ga idonsa ya sauka kan ƙwaurina. Babu tabon matsattsaku ko ɗaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Allah ya yi albarka.

Da sanyi ya kankama ya ɗan samu sauƙi, ya ce in kai shi ya ga baƙinsa, tsuntsayen yake nufi. Babu yadda zan yi. Na ɗauke shi na sa a kwale-kwale da hantsi, na kama gorar tuƙi. Ba mu yi nisa ba muka ci karo da kacalla, sabuwa, koriya shar, ta fi ta da kauri. Na tura, na sake turawa, jirgi ya ƙi gaba. Baba ya miƙa hannu ya shafa wani kututture da na sare, sama da ruwa da kamu guda, tohon ya fito ta tsakiyarsa. Na jira faɗa. Da ya zage ni da na ji daɗi.

"Ajiye gorar," ya ce. "Daga nan ma ana ji."

Ana ji kuwa. Can bayan ciyawar kirinjijiya suna ta fito, wasu suna amsawa. Ya rufe ido yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya da Badanci, ni kuwa kunya ta hana ni riƙe ko guda. Bai ga wani sanyin ba, kafin damina ya rasu.

Na koma da laujen bayan rasuwarsa, na shiga ruwa har ƙirji, na sha cizo yadda ya kamata. Amma kwane-kwanen hanyar a kansa suke, ni ban taɓa tsayawa na koya ba. Duk inda na sara sai in ɓulla cikin taɓo.

Bara wasu ɗalibai biyu suka zo da mota, wai malaminsu ya ba su labarin wani tsoho mai kai mutane tafki. Na ɗauke su a kwale-kwale har inda kacalla ta tare mu, na ce su yi shiru, daga nan ma ana ji. Suka kasa kunne. Sai ɗayar ta buɗe littafinta ta ce, "Baba, wannan mai kukan wane tsuntsu ne?"

Na ce mata ban sani ba.