Kwabon da maigidana ya goge da toka

Shekarun baya, muna haya a Masaka, na haifi ɗana na fari da cibiya ta turo waje. Ni kuwa sarkin tsoro, ko atishawa ya yi sai in ruga da shi asibiti. Mahaifiyata ta aiko min da wani tsohon kwabo baƙi ƙirin, ta ce in naɗe shi a tsumma in ɗaure masa a cibiyar. Wani Bature ne ya ba kakana lokacin yana masa kuku. Da shi aka ɗaure wa mahaifiyata cibiya, da shi aka ɗaure min tawa.

Maigidana direba ne a Maitama, ogansa kuma tara tsofaffin kuɗi yake yi. Ya nuna masa hoton kwabon a waya. Oga ya ce ai na gwaji ne, irin wanda ake bugawa 'yan kaɗan a duba kafin a fitar da na kashewa, kuma a gwanjon ƙasar waje kuɗinsa zai iya sayen fili. Ya ce a kawo ya gani.

Ina wanka mutumin nan ya kwance shi daga cikin jaririna. Bai tambaye ni ba. Wai kunya yake ji ya kai wa oga abu da datti, sai ya samu toka da lemon tsami da soson ƙarfe ya dirje shi tas.

Da yamma ya dawo.

Na ce, "Baban yaro, ina kwabona?"

Ya miƙo min abu yana ƙyalli kamar murfin gwangwani. "Wai na kashe shi. Oga ya ce baƙin nan shi masu gwanjo suke saya. Yanzu ko kallonsa ba za su yi ba."

"Kai da ko kofin da ka sha shayi ba ka taɓa ɗaurayewa ba, yau ka tashi da tsafta?"

"Haba, ai alheri na nufa."

"Alherin ya ci gidansu!"

Cibiyar ta koma da kanta, malamar asibiti ma ta ce ba aikin kwabo ba ne. Filin ma na haƙura da shi. Abin da ke ƙona min rai har gobe, baƙin nan gumin hannun kakata ne da na mahaifiyata, kuma ba nasa ba ne balle ya kankare. Da ya tambaye ni, wataƙila ma in yarda a sayar.

Mun shirya tuni. Amma duk ranar da ya ga na ɗebo toka zan wanke tukunya, sai ya zari takalminsa ya ce masallaci za shi.