Ruwan Gwiwata Ya Kai Ni Kaduna

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu ta Koki, ni da ƙanena da direba. Na miƙe ƙafar dama a kujerar baya, don gwiwar ƙarfen da aka sa mini a Masar bara ta kumbura, tana zafi kamar garwashi. Likitan ƙashi a Kaduna ya ce in zo ya zuƙi ruwan gwiwar a auna, domin in cuta ta kama jikin ƙarfen aka ƙyale ta, sai a rasa ƙafar. Sharaɗinsa ɗaya: kada in sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ranar, don yana ɓoye cutar a gwaji.

To, a cikin birni ba a zuwa dubiya hannu Rabbana. Kowa da kafsonsa, kowa da labarin wanda ya warkar. Wanzamin unguwa ya ce sakiya ɗaya ta isa. Na ƙi duka, har aka fara cewa dillancin fata ya karɓe ni na raina mutane.

Ta Ƙofar Na'isa muka fita muka kama titin Zariya. Tun da soja suka koma bariki, fastocin 'yan takara sun rufe kowace katanga, amma ramukan hanya suna nan inda na san su, kuma kowanne sai da gwiwata ta gaishe shi. A Kwanar Ɗangora muka tsaya shayi da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Nan ƙanena ya zaro ƙullin kafso da babbar yayarmu ta cusa masa a aljihu.

"Yaya, Hajiya ta ce ko biyu ka haɗiye saboda hanya. Likita ai ba zai sani ba."

"Shi ba zai sani ba," na ce, "amma in an yanke, ƙafarka za ka ara mini?"

Ya mayar da ƙullin aljihu.

A asibitin, an wanke gwiwar, likita ya soka doguwar allura. Ruwan da ya fito a sirinji gurɓatacce ne, kamar an dama koko. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, tsakani da Allah, ba ka sha komai ba?"

"Gori kawai na sha, likita."

Muka yi 'yan kwanaki a gidan wani abokin cinikina muna jiran sakamako. Mutanen Kaduna na da kirki, sai dai wainarsu ba ta kama ƙafar tamu ba. Da aka kira mu, likita ya ce ƙwayar cutar ta fito sarai a gwaji, sun gane ta, sun san maganin da ke kashe ta. Za a sake tiyata, za a sha jinya, amma ƙafa tana nan.

Bayan la'asar muka iso gida. Mota ba ta shiga lungunmu, matasa suka taso za su ɗauke ni. Na ce su matsa, na karɓi sandata na taka har zaure, ina gumi ina amsa sannu.

Na sha ciniki da masu wayo, ban taɓa shan wuya irin ta cewa a'a ga masu ƙaunata ba. Duk wanda ke da ƙarfe a jiki ya ga kumburi, ya yi wa masu kawo magani godiya, ya rufe bakinsa, ya kai ruwan a auna tukuna. Fushin 'yan'uwa yana hucewa. Ƙafa ba ta tsirowa.