Tsayuwar Kwamfuta a Kwanar Dangora

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in aka tura ni wani ofishin ayyukan gona kusa da Kwanar Dangora. Duk cikin ma'aikata ni kaɗai na yi karatun kwamfuta. Akawu uku ne, kowa da kwamfutarsa a gabansa, an haɗa su da waya zuwa wata babba da ke ɗakina, wadda muke kira uwa. A cikinta sunayen manoman rani suke, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa. Manomi ya faɗi sunansa da na ƙauyensu, akawu ya buga, takardar karɓar iri ta fito.

Ɗakin nawa tsohon sito ne, ba taga, ƙofa kuma kullum a rufe saboda na'ura.

Ana tsakiyar rabon irin alkama abin ya soma. Aiki na tafiya lafiya lau, sai kwamfutocin uku su ƙame lokaci guda. Akawu ya yi ta dannawa, shiru. Bayan minti biyu ko uku su dawo kamar ba su ba. Yau sau biyu, gobe sau tara. Ranar da na zuba musu ido tun safe ko gezau ba su yi ba, ina fita alwala suka tsaya.

Shugaban ofis ya kira ni.

"Don wannan aka kawo ka," ya ce. "Mutum ya baro Doguwa tun asuba, ka shanya shi a rana. Ba ka leƙa Kano sai ka gyara."

"To, ranka ya daɗe."

Matata kuwa tana Kano wajen iyayenta da tsohon ciki. Juma'a uku ina kallon motocin Kano suna lodi a kwana, ina komawa sito.

Na sauya wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Na ce ko yawan aiki ne, amma layin mutum biyar ma tsayawa take. Na ce ko zafi ne, na aro fanka na saita wa uwa. Ba abin da ya canja, sai dai ni da na fara jin ɗakin yana matse ni. In na fito manoma su bi ni da kallo, in na koma ga uwa tana ƙyafta 'yar fitilarta.

Da dabara ta ƙare, na ɗauki takarda ina rubuta lokacin kowace tsayuwa da abin da ke faruwa a wannan lokacin. Kwana biyar ban ga komai ba. A na shida, ina zaune, na ji ƙarar fanka ta yi ƙasa kaɗan sannan ta dawo. Kafin in ɗaga kai akawu ya ƙwala mini kira, ta tsaya. Da fanka ta sake yin haka sai na fita a guje, na ji wani gurnani a bayan ofis, wajen rijiyar burtsatse.

Na tambayi tsohon maigadinmu, "Baba, wa ke kunna injin ruwan nan?"

"Ba kowa, ɗana. In ruwan tanki ya yi ƙasa, da kansa yake tashi."

Matan unguwa da na rugagen kusa ne ke ɗiban ruwan, kuma ba su da tsayayyen lokaci. Janareto ɗaya ne da mu da injin. Duk tashin injin sai wuta ta yi rauni, ɗan akwatin da ya haɗa kwamfutocin ya ɗauke, su tsaya neman uwa. Na buɗe famfo da gangan har injin ya tashi, na ji akawu daga taga yana cewa, "Ta tsaya!"

Ranar na kai wa shugaba labari. Na samu izinin kwana biyu, na je Kano na tarar matata ta haihu.

Da na dawo, shugaba ya ce raba wutar injin da ta ofis sai an rubuta wa hedikwata. Kafin nan a kashe injin ruwa lokacin aiki. Ya miƙo mini makullin.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofar sito. Wata dattijuwar Bafulatana ce, bayanta mata da jarkoki. Muka gaisa a tsanake, sannan ta leƙa ta dubi uwa.

"Wannan abin naka yana shan ruwa ne?"

"A'a, Inna."

"To mu muna sha."

Na je na kunna. Ban kai ƙofa ba na ji surutu ya tashi a layin manoma, kwamfutoci sun tsaya. Haka na ƙare ranin nan da makulli a aljihu, in kunna a yi mini tsawa ta gaba, in kashe a zo mini ta baya. Har damina ta faɗi amsar hedikwata ba ta zo ba.