Ruwan da Inna Ta Dafa Mini

Kwanana tara da haihuwar fari, ina gidanmu a Roni ina wankan jego, abin ya fara. Inna ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa mini a baya, sai na ji kamar an sara mini gatari a tsakar ka. Ba a hankali ya zo ba, lokaci guda ya kai maƙura. Na ƙwalla ihu, na kelaya amai a ƙafafunta.

"Ke dai raguwa ce," in ji Inna. "Sanyi ne ya shige ki. Gobe sai na ƙara itace."

Ta kuwa ƙara. Ni da na yi boko har nake koyar da 'ya'yan mutane, sai ga ni ina rarrafe ina roƙonta.

"Inna, don girman Allah ki bar ni yau. Wallahi mutuwa zan yi."

"Ɗanyen jego ne ke kisa, ba ruwa ba. Tashi!"

Na tsani ƙarar faskare. Da na ji ana hura wuta sai in ƙura wa jaririyata ido ina tunanin wa zai shayar da ita. Haushi nake ji, haushin kowa, har da maƙwabtan da ke leƙowa suna yaba wa Inna da iya jego.

Ranar da ciwon ya buge ni karo na biyar, na ɗauki yarinyar zan ba ta nono, sai hannuna na hagu ya sake ta. Ta sulale kan katifa. Ina kallon hannun, ya ƙi jin maganata.

Maigidana ya zo daga Kazaure ya kwashe mu. A asibitin can suka tura mu Kano, aka ɗauki hoton kaina. Likita ta tambaye ni me nake yi in ciwon zai taso.

Inna ta riga ni, har da gyara mayafi. "Wanka, likita. Safe da yamma, ban taɓa tsallake mata ba."

Likitar ta ce jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwata ne ke tsukewa, yakan sami wasu bayan haihuwa, kuma sukan buɗe da kansu. Amma a wajena wankan ne ke tayar da shi, a daina yau, in ba haka ba na gaba zai iya shanye mini ɓarin jiki.

Muka dawo gida. Inna ta kife tukunyar wankan a bayan rumbu.

Jijiyoyin sun buɗe, hannun ya dawo, ban da yatsu biyu. Shekaru bayan haka 'yata ta haihu, mata suka ce a kira Inna, ita ce gwanar wankan jego. Tsohuwar ta lalubo yatsun nan nawa ta riƙe.

"Ban iya ba," ta ce.