Tambayoyi Ashirin na Baba

Jiya na ga wani maigadi ya jera batura huɗu a kan katanga yana shanya su a rana. Abu ne da bai kai ya tsayar da mutum a hanya ba, amma na tsaya. Haka Baba yake shanya na rakodarsa a katangar gidanmu na Jekadafari, shekarar da ya tashi koyon Turanci da furfura a gemunsa.

Baba shi ne shugaban masu awo a wani kamfanin auduga da ke bakin gari. Da kaka in ya dawo, har gashin girarsa fari yake, rigarsa tana warin buhu da man inji. Bai yi boko ba, amma ya haddace Alƙur'ani tun yana saurayi, kuma in ya ɗaga buhu zai gaya maka nauyinsa kafin sikeli ya gama rawa. Sai arzikin mai ya shigo ƙasa, aka kawo sababbin injuna da sabon manaja wanda ko sannu ba ya ji. Aka ce kowane shugaban ma'aikata sai ya zauna gabansa ya amsa tambayoyi da Turanci. Wanda ya kasa, ya koma cikin leburori.

Akwai wani malamin firamare, Batangale, da yake haya a gidan da ke jikin namu. Shi ya tausaya wa Baba, ya naɗa masa tambayoyi ashirin a kaset: sunanka, garinku, 'ya'yanka nawa, mutum nawa ne a ƙarƙashinka. Bayan kowace tambaya zai ɗan yi shiru, sannan ya faɗi amsa a hankali. Ba a yi sati biyu ba aka mayar da shi Kaltungo, ya bar Baba da rakoda.

Baba ya kama abin ta hanyar da ya sani, wato hadda. Daga sallar asuba har a kawo koko yana kan buzu a ƙofar ɗakinsa, ido rufe, yana rangaji gaba da baya. Turancin ma da ƙira'a yake fita. Inna tana tankaɗe takan ce, "Malam, yaushe ne walimar saukar?" Ya murmusa, ya juya kaset.

Ni kuwa ina aji shida, ina jin Turanci daidai gwargwado. Sai dai ni ce 'yar fari, mu kuma Fulani ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. In ruwa yake so, alhali ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya ce, "Babu kowa ne a gidan nan?" Kada ka ɗauka ƙiyayya ce. Ko tsire ya sayo, nawa ne mai yawa, amma ta hannun Inna yake zuwa.

Wata safiya ƙanena ya yi wasa da rakodar, ya tura kaset gaba. Ina shara na ji muryar malamin ta tambaya 'ya'yansa nawa, Baba kuma ya amsa da sunan garinsu, babu ko gargada. Tambaya ta gaba ma haka. Sai da muryar malamin ta saɓa wa tasa sau biyu sannan ya yi tsaki, ya mayar da kaset farko. A nan na gane ba tambayar yake ji ba, jerin yake bi. Tsintsiya ta tsaya a hannuna.

Na sami Inna a madafa na gaya mata, na ce in za a bar ni in riƙa yi masa tambayoyin a hargitse, sati ɗaya ya isa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke za ki zauna gaban Malam ki yi masa jarrabawa? Rufa mini asiri."

"To ke ki gaya masa, Inna."

"In ce wa ya gaya mini?"

Kwana tara suka rage. Kullum sai na shirya maganar a raina, in kai masa koko, in durƙusa, in ajiye, in tashi da maganata a ciki. Rannan har na buɗe baki. Ya kawar da kai gefe kamar yadda ya saba, ni kuma na ce, "Ga koko."

Ranar ganin manaja ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau keke. Kafin azahar ya dawo yana tura shi. Daga baya muka ji a bakin matar wani abokin aikinsa cewa tambayar farko ta tafi lafiya, har manaja ya gyaɗa kai. Sai ya tsallaka, ya tambaye shi mutum nawa ne a ƙarƙashinsa. Baba ya faɗi sunan garinsu. Akawuna suka ƙunshe dariya, ɗaya bai iya ƙunshewa ba.

Da la'asar ina wanke-wanke, bai fi taku biyar tsakanina da shi ba, na ji ya ce wa Inna, "Tambayi 'yar taki. Ita ta san haka za a yi?"

Inna ta ce, "Yarinya ce, Malam, me ta sani?"

Na ci gaba da cuɗa kwano ɗaya da ya riga ya fita.

Baba bai koma cikin leburori ba. Ya ajiye aikin, ya zauna a kasuwa yana auna wa wani hatsi da mudu har ƙarfinsa ya ƙare. Bai sake maganar ba, ni ma ban sake ba, kuma wannan shirun ya fi komai ci mini rai.

Yanzu zamani ya juya. Ɗan farina yakan zauna kusa da ni ya ƙwace wayata, ya ce, "Mama, ba haka ake yi ba." Ƙannen Baba da suka rage suna cewa na lalata shi, yaro ba kunya ba ta ido. Wataƙila gaskiyarsu ne, don ni ma wani lokacin abin yana sosa ni. Amma ban taɓa ce masa ya yi shiru ba. Ni na yi shiru, kowa a unguwa ya yaba tarbiyyata, ubana kuma ya mutu yana awon hatsin wani.