Ƙirgen Jarka a Hanyar Fadama

Shekarar da rijiyoyin ƙauyenmu suka ƙafe tun ba a gama yankan rake ba, aka ce za a haƙa mana rijiyar burtsatse. Guda ɗaya tak, ga unguwa biyu. Akwai Tudu, inda malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka gina ƙananan gidaje. Akwai kuma Gangare mai tsoffin gidajen gandu, inda mata ke takawa har fadama neman ruwa.

Wadda aka turo daga Maƙarfi ta zaɓi wuri wata ma'aikaciya ce Kirista, 'yar kudancin Kaduna, mai Hausa kamar a garinmu aka yanke mata cibiya. Da yake ni ke limanci, aka haɗa ta da ni. Kwana uku tana bin gidaje da wayarta. Rana ta huɗu bayan la'asar ta buɗe kwamfuta a zaurena.

Ta yanka taswirar ƙauyen da layuka, tsaye da kwance, ta zama ƙananan ɗakuna kamar hatimi a kan allo. Kowane gida yana faɗawa ɗaki guda, ya zuba yawan mutanensa a ciki. Ɗakin da ya tara da yawa ya yi ja wur, wanda ya tara kaɗan ya yi fari. Inda ja ya fi, nan za a haƙa.

Tudu ta yi ja. Gangare kuwa fari fat.

Na ce, “Malama, hoton nan bai san garin nan ba.”

Ta ce, “Baba, abin da aka faɗa mini shi na zuba.”

“Gidan Sarkin Noma, mutum nawa ya ce miki?”

“Cewa ya yi, ‘Alhamdu lillahi.’ Na sake tambaya, ya ce, ‘Ai ba a rasa ba.’ Sai na bar wurin babu komai. Kwamfuta kuwa in ta ga haka, ɗaya take sawa.”

Gidan da ake hura murhu bakwai, ga shi ya zama mutum ɗaya! Mutanen Tudu sun saba da cike takarda, sun faɗi adadinsu ba gardama. Dattijon Gangare kuwa ba ya ƙirga iyalinsa a gaban baƙo, yana tsoron baki. Ta roƙe ni in sa su faɗa. Na ce ba zan iya ba, don ni ma ban taɓa ƙirga nawa a fili ba.

Na ce, “Ki bar kawunan mutane. Ki tambayi mata jarka nawa suke ɗebowa a rana. Wannan ba mai ɓoyewa.”

Ta yi dariya. “Ɓoyewa? Baba, ƙari za su yi mini.”

Gaskiyarta. Don haka washegari da hantsi muka shimfiɗa tabarma a bakin hanyar fadama, muka ƙirga da idonmu. Ni na san gidan kowace mace, ina rubutawa da ajami, ita tana zubawa a kwamfuta. Har kurar masu kai ruwa Tudu muka ƙirga, don kada a zalunci kowa.

Wata jikata ta wasa ta wuce da jarka a ka, ta ce, “Malam, an bar carbi an koma ƙirga jarka?”

Na ce, “Wuce, ke dai rabi kika ciko.”

Bayan kwana biyu ta sake haɗa hoton. Jan ya gangaro Gangare, ya fi duhu a wani ɗaki kusa da tsohuwar tsamiya, inda gidaje uku suka haɗu. Sarkin Noma ya so a ce ƙofarsa ce, wani malamin Tudu ma ya yi gunaguni. Ta nuna musu takardata da hotonta, na karanta musu gida-gida. Ba wanda ya ce an rage masa jarka.

A gindin tsamiyar aka haƙa. Ranar da ruwa ya fito, wata tsohuwa ta cika buta ta miƙo mini, ta ce in fara alwala a ji ko yana da kanwa. Na kurkure baki. Garau yake, da yardar Allah.