Jan Zanen da Ke Jikin Ƙofa

Kawu Akawu ya yi shekara talatin da ɗaya yana rubutu a kotun yara, amma a gidanmu ba wanda ya taɓa jin labarin kotu daga bakinsa. Wan mahaifiyata ne, siriri, mai tsabtar tsiya, wanda ko takardar sabulu ya tsinta sai ya ninke ta huɗu kafin ya jefar. Tun ina firamare ya yi ritaya, ya tare a ɗakinsa na bakin ƙofa, da tebur ɗaya, kujera biyu, da gwangwanin birori da rabinsu sun bushe amma ya hana a zubar. Mu yaran gida mukan tsokane shi cewa ko atishawa zai yi sai ya cike takarda ya buga hatimi. Murmushi kawai yake yi.

Ina aji biyar na sakandare Malamarmu ta ba mu aiki: kowa ya rubuto shafi huɗu a kan yadda shari'a take yi da yaron da ya aikata laifi, kuma dole a zanta da wanda ya taɓa aikin. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ƙawayena na ta yawon neman lauya da ɗan sanda, ni kuwa nawa yana gida yana kurɓar shayi.

Da hantsin Asabar na same shi da tambayoyi goma. Tara ya amsa su tsaf, kamar yana karantowa daga fayil. Ba a haɗa yaro da manya a ɗakin tsaro, ba a buga sunansa a jarida, gidan gyaran hali ake kai shi ba kurkuku ba. Ta goman ma don in cike lissafi na ƙara ta.

"Kawu, idan yaro ba shi da takardar haihuwa fa, yaya ake sanin shekarunsa?"

Ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Doka ta ce likita ne zai duba. Rubuta wannan."

Na rubuta.

"To, ajiye biron. Likita sau ɗaya yake zuwa a wata, in ya ga dama. Yara kuwa kullum sai an kawo."

Ya ce a jikin ƙofar ofishinsu akwai wani zane na jan fenti, a kwance, wanda ba a san wanda ya ja shi ba. Duk yaron da aka kawo ba takarda, a nan ake tsayar da shi. In kansa bai kai zanen ba, a rubuta shekara sha shida, a tura shi kotun yara. In ya wuce, a rubuta sha takwas, fayil ya hau bene zuwa kotun manya. Ba a rubuta wannan a kowane littafi ba, amma har masinja ya san da shi. Kawu ya tarar ana yi, shi ma ya ci gaba.

Yana shekara ta uku da fara aiki aka kawo wani yaro da aka kama da wayar lantarki ta wani gini da ba a gama ba. Mai dogayen ƙafafu ne, ya dunƙule kafaɗu, ya sunkuyar da kai. Da aka jingina shi da ƙofar, kansa yana ƙasa da zanen.

"Sai bakina ya ja mini," in ji Kawu. "Kin san ba na son ganin yaro a ranƙwafe. Tausayi ya ba ni, na ce masa, miƙe mana. Ya miƙe. Kansa ya wuce da faɗin yatsa biyu. Ɗan sandan da ya kawo shi yana tsaye yana kallo, har da dariya, wai ashe ƙato ne. Ni kuma na ɗauki biro na rubuta sha takwas. Da na ja bakina na yi shiru, da yaro ne."

Wata goma sha ɗaya yaron ya yi cikin manyan fursunoni kafin uwarsa ta tono katin riga-kafinsa a ƙasan akwati. Shekararsa sha biyar. Kawu da kansa ya ɗauki fayil ɗin ya bi ofis-ofis har aka gyara, aka sako shi. Ya fito ba haƙora biyu, kuma ba ya yarda kowa ya tsaya a bayansa. Uwar ta zo har ofis ta durƙusa tana yi wa Kawu godiya da addu'a, ba ta san rubutun wa ya kai ɗanta can ba. Ya ce har ta rasu bai iya faɗa mata ba, kuma har yau in ya ji an ce masa Allah ya saka da alheri sai gabansa ya faɗi.

Ba zan ɓoye ba, haushinsa na ji. Mutumin da ke hana mu ƙaryar wasa, ashe shekara talatin da biyar yana zaune a kan wannan. Da na ɗaga ido na dubi fuskarsa, sai haushin ya gauraya da tausayi, na rasa wanda zan riƙe a cikinsu.

"In sa a aikin, Kawu?"

"Sa, amma ban da suna. Kuma ki rubuta kwafi biyu."

Ɗaya na kai wa Malama. Ɗayan kuwa, ranar Laraba Kawu ya sa rigarsa mai guga, ya ce in raka shi. Muka bi layin masu sayar da kayan gyaran mota har ƙarshe, inda wata 'yar rumfa take cike da fankoki marasa kai. A ciki wani dogon mutum mai furfura yana zaune, ya manna bayansa da bango, yana naɗa waya. A hanya Kawu ya gaya mini cewa shekara ashirin ke nan yana kawo masa gyara, wani lokacin ma fankar lafiyarta ƙalau.

"Baba, sannu da zuwa. Yau wacce ce ta ƙi juyawa?"

"Ba fanka na kawo ba yau."

Kawu ya miƙa masa takardar da hannu biyu. Mai gyaran ya goge tafinsa a wando, ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Motoci na wucewa, wani yana buga ƙarfe a maƙwabta, mu kuwa muna tsaye cikin rana har ya kai ƙarshen shafi na huɗu.

"Ni ne akawun," in ji Kawu, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Na sani, Baba. Tun ranar da ka fara zuwa na gane ka."

Sai ya juyo wurina.

"'Yata, ke kika rubuta? Kin yi ƙoƙari, amma akwai abin da aka bari. Ba miƙe mana kawai ya ce ba. Cewa ya yi, miƙe mana, ɗana. Kwana uku ba wanda ya kira ni da komai sai ɓarawo. Da na ji haka, har dugadugaina na ɗaga, don ya ji daɗi."

Kawu ya laluba bencin da ke gefe ya zauna. Mai gyaran ya mayar mini da takardar, ya ɗauki wayarsa ya ci gaba da naɗi.